Daga Ramin Kwal Zuwa Upper Iweka: Tarihin Dogon Gabas da Zaman Hausawa a Kurmi

Gabatarwa

A ranar 10 ga Janairu, 1863, aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a birnin Landan, tsakanin Paddington da Farringdon, domin titunan birnin sun cushe har tafiya ta gagara. Alƙahira ce ta fara samun irinsa a Afirka, a 1987. A Nijeriya kuwa har yau babu birnin da jirgi ke bi ta ƙarƙashinsa. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashinsa a Legas a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, wanda aka buɗe a can a 2023 kuma a sarari yake tafiya. Duk da haka muna da namu tarihin da ya haɗa dogo da ƙarƙashin ƙasa. Wannan maƙala za ta bi sawun dogon Gabas, ta duba yadda ya zaunar da Hausawa a Fatakwal da Inugu, da yadda ya kauce wa Anaca.

Kwal Ya Jawo Dogo

A 1909 Turawa masu binciken ma'adinai suka gano kwal a tsaunukan Udi. Jiragen ƙasa da na ruwa na zamanin duk da kwal suke aiki, kuma daga Ingila ake kawo shi da tsada. Matsalar ita ce yadda za a kai shi bakin teku. Anaca ta fi kusa, ga kuma Kogin Kwara a gindinta, amma ruwan kogi yakan janye da rani, manyan jirage ba sa iya shigowa. Sai aka sami wuri mai zurfi a gaɓar Kogin Bonny, aka kafa tashar ruwa, Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Sakataren Mulkin Mallaka, Lewis Harcourt, a 1913. Sunan nan ne harshenmu ya sarrafa ya koma Fatakwal.

An fara haƙar kwal a 1915, dogo mai tsawon mil 151 ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916. Ke nan garuruwan biyu 'ya'yan kwal ne. A Landan jirgi aka tura cikin rami don mutane su sami sauƙi. A Inugu mutane aka tura cikin rami don jirgi ya sami makamashi. Wahalar wannan aiki ta fito fili a ranar 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan mahaƙa masu yajin aiki a Iva Valley, suka kashe mutum 21. Kisan ya ƙara wa fafutukar neman 'yanci wuta a duk faɗin ƙasar.

Dogo Ya Jawo Bahaushe

Dogon ya ci gaba ya nufi Arewa. Ya isa Makurɗi a 1924, ya bi ta Kafancan ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna a 1927, aka kuma gama gadar Binuwai a 1932. Adabinmu ya riga ya san wannan aiki tun zamanin dogon Baro zuwa Kano, domin a kansa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya rubuta Waƙar Diga.

Hausawa sun san Kurmi tun kafin jirgi, a matsayin fatake da maharban giwa da sojojin Turawa. Abin da dogo ya yi shi ne mayar da tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Shanun da a da ake korawa a ƙasa, su rame, wasu su mutu saboda cizon ƙudan tsando, sai aka riƙa loda su a tarago. Ta haka Umuahiya ta zama babbar karar shanu ta Gabas, kafin daga baya kasuwar ta koma Lokpanta. Wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarawa, manja da garin rogo suka riƙa haurawa. Inda duk aka yi tasha sai zango ya tsiro, da masallaci, da maigida mai sauke baƙi, da dillalai, da Sarkin Hausawa mai sasanta rigima. Zaman ya yi ƙarfin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafillatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Ya kamata ɗalibanmu su riƙe wannan suna.

Sai dai dogon da ya haɗa mu shi ne kuma ya ɗauki baƙin cikinmu. Bayan kashe-kashen 1966, a taragon nan dubban Inyamurai suka gudu gida daga Arewa, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma suka baro dukiyoyinsu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da layin, ya lalata gadoji. Tun kafin nan ma kwal ya fara rasa daraja, domin an sami man fetur a Oloibiri a 1956, Hukumar Jiragen Ƙasa kuma ta fara komawa ga injuna masu shan gas.

Garin da Dogo Ya Kauce Wa

Anaca, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, jirgin ƙasa bai taɓa shiga cikinta ba. Da kogi ta fara arziki, sannan da mota. Gadar Kwara da aka gama a 1965 ta mayar da ita ƙofar Gabas, kamfanonin manyan motocin safa irin su Ekene Dili Chukwu suka bunƙasa. Da reluwe ya durƙushe a shekarun 1980 da 1990, kayan da tarago ke ɗauka suka koma bayan tirela. Upper Iweka, mahaɗar hanyoyin Asaba da Inugu da Owerri, ta zama tashar da dogo bai gina ba. A nan Bahaushen da ya taso daga Kano ko Jos yake sauka kafin ya nufi masallacin Bida Road ko kasuwar bakin gada.

Wannan sauyi ya zo da tsada. Mai safarar shanu a mota yana biyan kuɗi a shingaye bila adadin, yana fuskantar haɗari da 'yan fashi, kuma duk wannan a kan farashin nama yake ƙarewa. Cunkoson da ke Upper Iweka kuwa irin wanda ya sa Landan ta haƙa rami ne shekaru fiye da 160 da suka wuce. Gadar Kwara ta biyu da aka ƙaddamar a 2023 ta rage wa motoci wahala, amma ita ma hanyar mota ce.

Kammalawa

A 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma jirgi ya koma aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Turawa sun shimfiɗa layin nan don kwashe arziki zuwa teku, talakawa suka mayar da shi hanyar ciniki da zumunci. Aikin da ya rage a wuyanmu, mu masu nazarin Hausa, shi ne mu je zangunan Inugu da Fatakwal da Anaca mu naɗi labarin dattawan da suka hau jirgin nan, tun suna raye.