Nazarin yadda kamfanoni ke magana idan masifa ta auku

A shekarar 1982 mutane 7 suka mutu a yankin Chicago na Amurka, bayan shan maganin Tylenol da aka zuba wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, matakin da ya zama darasi a fannin hulɗa da jama'a.

Da farko masana sun fi duba dabarun wanke kai, waɗanda William Benoit ya rarrabe a 1995.

A 2007 Timothy Coombs ya nuna cewa martanin da ya dace ya danganta ne da girman laifin da jama'a suka ɗora wa kamfanin.

Zuwan Facebook kuwa ya karkata bincike zuwa ga muryar waɗanda abin ya shafa, wadda a da ba a cika sauraro ba.