Munduwar Kakata da Dutsen da Ya Haifi Dala

A Malumfashi aka haifi kakata, can aka aurar da ita, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta rabu da wata munduwar azurfa ba. Mai kauri ce, an murɗa ta kamar igiya. Duk jajibirin sallah sai ta zauna bakin murhu, ta ɗebi toka da ɓarin lemon tsami ta yi ta gogawa har baƙin ya fita. Na taɓa tambayarta inda ake haƙo azurfa. Ta ce, "Ɗan nan, azurfa ai kuɗi ce. Kakanka ya kai auduga Funtua, ya dawo da sulalla, maƙeri ya narke."

Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin zancen tsofaffi. Ashe tarihin sana'ar ta faɗa mini a dunƙule.

Ƙira a ƙasar Hausa gida biyu ce. Maƙeran babbaƙu su ne na garma da fartanya da lauje, kuma a da tamarsu daga ƙasarmu take fitowa. Maƙeran farfaru kuwa, masu zobe da awarwaro da 'yan kunne da adon linzami, ba su da ramin da za su je su ɗebo azurfa. A wancan zamani tsabar kuɗi ce ma'adininsu. Tun kafin Turawa, fatake suna shigo da wani babban kwabo mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jikinsa, saboda 'yan kasuwa sun riga sun amince da shi. Nauyinsa giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Da wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500.

Daga baya sulallan Turawan mulki na azurfa suka shigo a 1913, sai dai daga 1920 aka fara buga su da gaurayen ƙarfe marar daraja. Layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtua, injinan gurzar auduga suka zauna, kuɗi suka fara kwana a hannun manomi. In kaka ta yi kyau, mutum yana da 'ya a ɗaki, sai ya nemi tsofaffin sulalla masu ƙarar kirki ya kai wa maƙeri. Shi kuma ya zuba su a ɗan kasko, yaro na jan zugazugi, gawayi na tartsatsi, har hoton sarkin Ingila ya narke ya zama ruwa. Munduwa ado ce, kuma asusun mace ce: ranar da hatsi ya ƙare a rumbu ana iya jinginar da ita.

Abin da ya fi kama ni shi ne sunan dala, wanda tsofaffinmu ke kiran sule biyu da shi. In ka bi sawun kalmar, za ta kai ka wani kwari da a da ake kira Joachimsthal, a ƙasar Cak ta yau, inda aka buɗe ramukan azurfa aka fara buga manyan kwabbai wajen 1520. Sunan kwarin aka gutsure ya zama tala, ya zama dalar Amurka, ya iso bakin kakata.

A cikin ramukan kwarin nan akwai wani dutse da ba kasafai ake samunsa ba, masana na kiransa furostait, sunan da aka raɗa masa a 1832 don girmama Joseph Louis Proust, masanin sinadarai ɗan Faransa. Ba fari ba ne. Ja ne wur, in ka ɗaga shi a haske kamar zoɓon da aka tace a kofin gilashi. Abu uku suka haɗu a cikinsa: azurfa, da farar wuta, da gubar asanik. Kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa azurfa ce, amma yana da taushi har farce na iya ƙarzarsa. Masana ma'adinai sun sa shi a dangin duwatsun da farar wuta ke ɗaure ƙarfe da rabin-ƙarfe wuri guda. Yana da ɗan'uwa mai duhun ja, wanda antimoni ya zauna masa a gurbin asanik. Kuma ba ya son haske. In ya daɗe a fili sai jan ya dushe ya yi baƙi, shi ya sa gidajen tarihi ke ɓoye shi a akwati. An same shi a Jamus, an kuma sami mafi kyawunsa a Chañarcillo ta ƙasar Cile.

Farar wutar nan ce dai ke bin azurfa har gida. Baƙin da kakata ke gogewa da toka, ita ce ta biyo iska ta sake kama ƙarfen da wuta ta raba su.

Yau ka zaga kasuwar Funtua, adon amare na kanti ne, mai ƙyalli mako biyu ya koɗe. Ba na ganin laifin 'yan mata, kowa da zamaninsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda magada ke kwasar mundayen tsofaffi su kai wa masu awo, a biya su kuɗin giram, a jefa a wuta. Aikin hannun maƙerin da ya rasu shekara sittin da suka wuce ya tafi ke nan, ba hoto, ba suna.

Tamu tana nan a hannun ƙanwata. In akwai irinta a adakar gidanku, don Allah kada ku sayar. Ku zauna da tsohuwar da ta rage, ku tambaye ta wane maƙeri ya yi, a wace unguwa, da kuɗin audugar wace shekara, ku rubuta ku ajiye tare da ita.