Yadda Ƙwayoyin Nano Ke Kai Magani Cikin Ƙwaƙwalwa

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tace duk abin da zai shiga. Ƙwayoyin halittar da ke bangon ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun manne da juna ƙam, ba su bar kafa ba. A 1885 masanin Jamus Paul Ehrlich ya yi wa dabbobi allurar rini, gaɓoɓinsu suka rine, ban da ƙwaƙwalwa.

Shingen yana tsare ƙwaƙwalwa daga guba da ƙwayoyin cuta, amma yana tare mafi yawan magunguna. Wannan na cikin dalilan da suka sa sankarar ƙwaƙwalwa da cutar mantuwa ta Alzheimer ke wuyar magani.

Dabarar masana ita ce cusa magani cikin ƙwayoyin nano, waɗanda ake yi da kitse ko wani nau'in roba mai narkewa a jiki. Ana auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Akan shafa musu sinadarin da shingen ya saba karɓa, kamar furotin ɗin da ke kai wa ƙwaƙwalwa sinadarin ƙarfe, sai shingen ya shigar da su da kansa.

A 1995 Jörg Kreuter da abokan aikinsa sun kai maganin rage raɗaɗi ƙwaƙwalwar ɓeraye ta hanyar ƙwayoyin nano. Sai dai hanta da saifa kan kwashe mafi yawan ƙwayoyin kafin su isa, kuma akasarin nasarorin har yanzu a jikin dabbobi aka same su.