Mafarki da Fassararsa a Ƙasar Daura

A 1794 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ga Abdulƙadir Jilani a mafarki yana rataya masa Takobin Gaskiya. Bayan shekara goma jihadi ya ɓarke, guguwarsa ta iso Daura, jagoran masu jihadi Malam Isiyaku ya kori Sarkin Gwari Abdu daga gadon sarautar Daura.

Malaman zaure ba sa wasa da mafarki. Bisa hadisi suka kasa shi uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da saƙe-saƙen zuci. Madogararsu ita ce littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin na Basra.

Kashi na uku masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya tona a 1899, ya ce mafarki buri ne da zuciya ta danne. Amma har yau a Daura, ana kai mafarki zauren malami.