Tukunyar Giya a Ƙasar Dutse: Tarihin Wata Sana'a da Matsalolinta

Tun kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, dafa giyar dawa sana'a ce sananniya a ƙauyukan ƙasar Kano, wadda Dutse ke cikinta a wancan zamani. Bayan da Kano ta shiga hannun masu jihadi a 1807, sai sana'ar ta janye daga cikin birane, ta koma gidajen Maguzawa, waɗanda aka bari da al'adarsu bisa sharaɗin biyan jizya. A wurinsu giya ba abin maye kaɗai ba ce. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biki, ana kuma zuba wa iskoki. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan Kano, ya bayyana addinin nasu a littafinsa na 1946.

Mata ne ke da wannan aiki. Sukan jiƙa dawa, su shimfiɗa ta a inuwa har ta yi tsiro, su shanya, sa'an nan su niƙa. To, a wurin dama ƙullu da dafa shi ne ake gane gwana, domin nan ne yawancin ɓarna ke aukuwa.

Matsalar farko ta tukunya ce. Babbar tukunyar ƙasa takan tsage idan aka hura mata wuta da gaggawa, ko aka zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, sai wahalar kwanaki ta tsiyaye cikin murhu. Ta biyu kuwa ƙonewar gindi ce: in hannu ya yi sanyi da muciya, ƙullu ya kwanta ya yi ƙanzo, to, ƙauri ya shiga giyar ke nan, ba ya fita. Ta uku ta mataci ce, gama gari in ya cika laushi yakan toshe shi, ruwa ya ƙi sauka. Maganinsa a yi niƙa mai ɗan tsaki-tsaki, yadda dusa za ta buɗe wa ruwa hanya.

Amma babbar matsala a jikin dawar take. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70, alhali sinadarin tsiro mai mayar da sitaci sukari yakan fara mutuwa a wannan zafi. Dabarar da mata suka gano, daga ƙasar Hausa har ƙasar Mosi, ita ce a bar ƙullu ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa shi kaɗai, sa'an nan a mayar da ruwan. Wadda ta tafasa duka gaba ɗaya, sai ta tashi da kunu mai kauri marar zaƙi.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka kuma riƙe hanin yarjejeniyar Burasal ta 1890 game da shigo da barasa Arewa, don haka tukunyar ƙauye ta daɗe ba ta da kishiya. Daga baya gangar ƙarfe ta zo. Ba ta tsagewa, amma tana tsatsa, tana kuma saurin ƙona gindi. Abin lura shi ne, da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antu suka koma ga dawa, suka ci karo da matsalar nan ta zafi, suka kuma nemi mafita a irin dabarar tsiyaye ruwa.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, aka kuma ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wadda ta haramta giya. Hukuncin addini a kanta bayyananne ne. Sai dai aikin mai tarihi dabam ne: wajibi ne a rubuta kalmomin wannan sana'a da hikimarta tun tsofaffin da suka san ta suna raye, domin wani ɓangare ne na tarihin noman dawa da ginin tukwane a ƙasar Hausa.