Daga Ponti zuwa gidan samari: wa ke kai ɗan talaka kallon teyatur?

Duk lokacin da muka kawo maganar kai ɗalibai kallon wasan kwaikwayo a taron iyayen yara, amsa guda ce: alli ma bai ishe mu ba, ina batun haya mota? Ba na ganin laifin iyaye. Sai dai ina so mu tuna cewa a ƙasar nan teyatur a cikin aji aka haife shi, kuma malaman makaranta ne suka yi renonsa.

A shekarun 1930, makarantar horon malamai ta William Ponti da ke Senegal ita ke karɓar haziƙan yara daga ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka. Bubu Hama ya yi karatu can, Diori Hamani ma haka. Ana sa ɗalibai in sun je hutu su tattaro tatsuniyoyi da al'adun garuruwansu, in sun komo su mai da su wasa. A 1937 har Paris aka kai su suka nuna. Abin na da manufar Turawan mulki a ciki, wannan ba a musu. Amma waɗanda suka fito daga can sun dawo gida da sanin cewa shirya wasa aikin malami ne, kamar koyar da lissafi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka riƙa yin makon matasa, galibi abin mutanen birni. Babban canji ya zo ne bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Ya farfaɗo da samariya, tsohon tsarin nan namu na sarkin samari da jama'arsa, ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwa.

A nan nake so iyaye su tsaya su duba yadda abin yake tafiya. Ba a Yamai ake farawa ba. Unguwa ke karawa da unguwa, gari da gari, wanda ya ci ya hau gaba, har a fitar da masu wakiltar jaha a waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. Ke nan kafin a kai ga babban dandali an yi makonni ana gwaji a fili, da dare, bakin kasuwa ko ƙofar fada. Yaron da ubansa bai da ko dala yana tsaye yana kallo, wataƙila yayarsa ce ma ke cikin masu rawa. Ba tikiti, ba kuɗin mota. Sau da yawa kuma malamin lakwal ne ke tsara labarin, ya raba wa kowa abin da zai faɗa, sauran a bar wa baki da basira, don yawancin wasannin da Hausa ake yin su kuma ba a rubuce suke ba. Yazi Dogo, wanda rediyo da talabijin suka kai sunansa ko'ina, daga aikin malanta ya fito.

Kada in yi wa zamanin kwalliyar da bai da ita. Mulkin soja ne, kuma wasannin suna ɗauke da saƙon gwamnati: a yi noma, a bar gudun hijira zuwa birni, a haɗa kai. Akwai abin da ba ka isa ka faɗa a dandali ba. Duk da haka masu wasa sun san yadda ake tsokanar alhaji mai haɗama da ma'aikaci mai cin hanci, jama'a na dariya sun gane wanda ake nufi.

Sai kuɗin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta rasa gurbinta, tunda ana ganinta kayan tsohon mulki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Gine-ginen sun rage, gidajen samari da al'adu na nan a Maraɗi, Damagaram da Tawa, cibiyar Umaru Ganda na nan a Yamai, amma igiyar da ta haɗa su da ƙauye ta tsinke. Mu da muka tashi a ƙarshen abin, wutsiyarsa muka tarar.

Yau wanda ke kai yara kallo, makaranta ce mai zaman kanta, mai motarta. Ɗalibaina kuwa a allon salula suke ganin wasa, kuma ba ɗaya ba ne. Wanda bai taɓa zama cikin mutane ɗari suna shiru tare, su fashe da dariya tare ba, bai san abin da kalangu ke yi wa ƙirji ba.

Abin da ke kashe mu hanya ce, ba ƙofar shiga ba. Kawo ƴan wasa bakwai cikin filin lakwal ya fi sauƙi a kan kwasar yara saba'in zuwa birni, kuma makarantu uku ko huɗu da ke kusa na iya haɗa kuɗin tare, iyaye ma su zo su zauna. Kwamitin kula da makaranta ya sa shi cikin tsarin aikinsa tun farkon shekara, a kai wa magajin gari takarda kafin a rufe kasafin kuɗi. Masu gidajen al'adu kuma mu roƙe su abu guda: ranar gwajin ƙarshe kafin wasa, kujerun nan ba kowa a kansu. A buɗe wa makarantun gwamnati da ke iya zuwa da ƙafa. Ni na yi alkawarin jera nawa bibbiyu in raka su.