Zanen mundayen iyayenmu: asid ne ko hannu?

Wasunmu na ɗauka asid ne ya ci zanen da ke jikin tsofaffin mundayen iyayenmu. A'a, wancan aikin Turawa ne. Wajen 1500, masu ƙawata sulke a Jamus, irin su Daniel Hopfer, sukan shafe ƙarfe da kaki, su zana da allura, su tsoma a asid. Inda allura ta bi, nan kaɗai yake ci.

Maƙeran farinmu na bakin Komadugu kuwa, da ɗan ƙarfe mai tsini da guduma suke fitar da zane, layi-layi. Lemun tsami na wanki ne kawai. Azurfar ma sau da yawa gursu ce aka narka, kuɗin nan mai kan Mariya Tereza da shekarar 1780, wanda aka yi ciniki da shi a kasuwar Kukawa a ƙarni na 19.

Bayan hare-haren 2015 ƙauyukan bakin kogi da dama sun watse. In yunwa ta matsa, munduwa kan sikeli take hawa, ba mai biyan kuɗin zane. Mai irinta a gida ya turo mana hoto, da sunan garin da aka ƙera ta.